Hertha Ayrton da Hucin Fitilar Lantarki

 

Sharhin yau ya shafi rayuwar Hertha Ayrton, wata mata 'yar ƙasar Ingila da ta rayu daga 1854 zuwa 1923, wadda ita ce mace ta farko da Cibiyar Injiniyoyin Lantarki ta ƙasarta ta karɓa cikin mambobinta, a zamanin da ilimin lantarkin kansa yake rarrafe. Masu ba da labarinta sun fi son tsayawa a kan ƙofofin da aka rufe mata saboda kasancewarta mace, kuma gaskiya ne an rufe mata su. Sai dai akwai wani abu a tarihin nata da ya fi wannan kusa da gidajen masu sauraro, shi ne maganar lokaci. Basira tana tare da ita tun tana ƙarama, amma basirar ba ta haifar da aikin da duniya ta san ta da shi ba sai da aka sauke mata wani ɓangare na ɗawainiyar gida, ta samu sa'o'in da babu mai kiranta a cikinsu. Wannan ita ce maganar da sharhin zai riƙa komawa kanta.

A fara da asalinta.

An haife ta ranar 28 ga Afrilu, 1854, a Portsea, wani yanki na garin Portsmouth da ke bakin teku a kudancin Ingila, aka raɗa mata suna Phoebe Sarah Marks. Sunan Hertha wata ƙawarta ce ta laƙaba mata daga baya, ya bi ta. Mahaifinta, Levi Marks, Bayahude ne da ya yi ƙaura daga Poland, sana'arsa agogo, kuma bai tara abin duniya ba. Ya rasu a 1861, ya bar matarsa Alice da 'ya'ya bakwai da cikin na takwas, don haka uwar ta koma ciyar da gidan da allura da zare, ita kuwa Sarah ta zama mai rainon ƙannenta tun ba ta gama sanin kanta ba. Wannan hali ba baƙo ba ne ga kowa a Kaduna: uba ya faɗi, uwa ta kama sana'ar hannu, babbar 'ya mace ta zama uwa ta biyu, karatunta kuma ya zama abu na farko da ake yankewa.

Abin da ya fitar da ita daga wannan turba shi ne riƙo. Tana da shekara tara, innarta Marion Hartog, wadda ke tafiyar da makaranta a Landan, ta nemi a ba ta yarinyar ta yi karatu tare da nata 'ya'yan, uwar kuma ta amince ta rabu da hannun da ya fi taimaka mata a gida. A can ta koyi Faransanci da kiɗa, 'ya'yan innar tata kuma suka sa mata sha'awar lissafi da kimiyya. Da ta kai shekara goma sha shida ta fara aikin koyar da 'ya'yan masu hali a gidajensu, tana aika wa mahaifiyarta abin da ta samu.

Daga nan sai wata mace ta biyu ta shigo rayuwarta. Barbara Bodichon, mai dukiya kuma mai fafutukar ilimin mata, tana cikin waɗanda suka kafa Kwalejin Girton a Kambirij, kwalejin da aka buɗe domin mata su yi karatu irin na jami'a. Ita ta ɗauki nauyin Hertha, tare da taimakon wasu ƙawayenta, cikinsu har da marubuciyar nan George Eliot. Hertha ta karanta lissafi a Girton, ta zauna babbar jarrabawar lissafi ta Kambirij a 1880, ta kuma haye, ko da yake sakamakonta bai kai na sahun gaba ba. Yana da kyau masu sauraro su riƙe wannan, domin wanda ya auna ta da takardar jarrabawa kaɗai a wancan lokacin ba zai hango mata komai ba. Ko da ta zo ta ɗaya ma, Kambirij ba ta ba mata digiri, kuma ba ta fara ba su cikakken digiri ba sai 1948. Jami'ar Landan ce ta ba ta digirin kimiyya a 1881, bayan ta zauna jarrabawarta daga waje.

Ta koma Landan tana koyarwa tana ɗinki, tana kuma kula da wata ƙanwarta marar lafiya. A 1884 ta samu takardar mallakar ƙirƙira, wato shaidar hukuma cewa wani sabon abu nata ne kuma ba mai kwaikwayonsa sai da izininta, a kan wani ma'auni da masu zanen gini da injiniyoyi ke raba layi da shi gida-gida daidai wa daida. Wannan ita ce ta farko cikin takardu 26 irinta da ta samu kafin rasuwarta. A shekarar ce kuma ta shiga ajin dare na lantarki a Kwalejin Fasaha ta Finsbury, inda malaminta ya kasance Farfesa William Ayrton, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara koyar da injiniyancin lantarki a Ingila, wanda kafin nan ya yi shekaru yana koyarwa a Japan. Matarsa ta farko ta rasu ta bar masa 'ya. Ya auri Hertha a 1885, ta haifi 'ya mace a shekarar da ta biyo baya, ta sa mata suna Barbara domin tunawa da wadda ta ɗauki nauyinta.

To, jama'a, a nan ne labarin ya zo wurin da ya fi muhimmanci, kuma wuri ne da ake saurin tsallakewa.

Ga mace mai digiri, mai ƙirƙira da sunanta, tana auren farfesan lantarki mai ɗakin gwaje-gwaje, wanda kuma yake son ta yi bincike. A zato, sai a ce hanya ta buɗe. Amma shekarun farko na aurenta sun wuce ba tare da wani babban bincike ba, in ban da 'yan laccoci kan lantarki da ta gabatar wa mata, domin gida da raino da rashin ƙoshin lafiya sun cinye ranakunta. Ba doka ce ta tsayar da ita a waɗannan shekarun ba, kuma ba miji ba ne. Aikin gida ne. A 1891 Barbara Bodichon ta rasu, ta bar mata wasiyyar kuɗi, da kuɗin ne ta tallafi mahaifiyarta ta kuma ɗauki mai kula da gida. Duk binciken da ya sa ake ambatonta a yau ya zo ne bayan wannan shekara. Tana gab da shekara arba'in kafin ta fara aikin rayuwarta, kuma abin da ya sauya shi ne lokaci.

Yanzu a dubi aikin kansa, domin ba a san darajar ma'aikaci sai an san abin da ya yi.

Idan aka haɗa sanduna biyu masu ɗauke da wutar lantarki, sannan aka ɗan raba su, wutar ba ta yankewa nan take, sai dai ta tsallaka ta cikin iskar da ke tsakaninsu, ta mai da iskar wani harshe mai tsananin zafi da haske. Wannan shi ne harshen lantarki. Duk wanda ya taɓa wucewa ta Panteka, kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ko ta gaban shagon mai walda a kowace unguwa, ya san shi: farin hasken nan ne mai ratsin shuɗi da ke tashi tsakanin sandar walda da ƙarfe, wanda ke tilasta wa mai aikin kare idonsa da baƙin gilashi. Masanin Ingila Humphry Davy ya nuna shi tun farkon ƙarni na 19, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1870 an fara haska titunan Paris da Landan da shi, a cikin fitilun da ke da sanduna biyu na kabon, wato sinadarin da gawayi ya ƙunsa. Kafin ƙwan lantarki ya yi ƙarfin da zai iya haska babban fili, waɗannan fitilu ne ake kafawa a tashoshin jirgin ƙasa da masana'antu da manyan tituna, kuma da su jiragen ruwan yaƙi ke leƙa teku da dare.

Fitilun suna da aibi da kowa ya sani. Sukan yi ta ci lafiya lau, sai kwatsam su fara huci, haskensu ya riƙa rawa yana raguwa, sandunan kuma su riƙa cinyewa da sauri. Injiniyoyi sun saba da matsalar, suna ta dabarun rage ta, amma ba wanda ya tabbatar da musabbabinta. William Ayrton yana cikin masu binciken, ya kuma kai sakamakonsa babban taron masana lantarki na duniya da aka yi a Chicago ta Amurka a 1893, inda takardar tasa ta ƙone bisa kuskure kafin a buga ta. Hertha, wadda ta riƙe gwaje-gwajen a Landan yayin da yake tafiya, ita ta ɗauki binciken daga tushe, ta mai da shi nata.

Hanyar aikinta ta haƙuri ce. Akwai abubuwa biyu da ake aunawa a wutar lantarki: matsinta, wato ƙarfin da ke tura ta, wanda ake lissafawa da bolt, da kuma kwararta, wato yawan wutar da ke bi ta cikin waya, wadda ake lissafawa da amfiya. Hertha takan sauya abu ɗaya ta bar sauran yadda suke, ko tazarar da ke tsakanin sandunan, ko kaurinsu, ko yawan kwarara, ta jira harshen ya natsu, ta rubuta abin da ma'auni ya nuna, sannan ta sake. Da yake ido ba ya iya kallon harshen kai tsaye, takan jefa hotonsa a kan allo ta cikin gilashin ƙara girma, ta zana siffar bakin sandunan a kowane mataki. Daga wannan tarin awo ta fitar da ƙa'idar lissafi da ta haɗa matsi da kwarara da tsawon harshe, wadda har yau littattafan injiniya ke kira da sunan Ayrton. Ƙa'idar ta fayyace wata ɗabi'a ta harshen da ta saɓa wa ta waya: a cikin waya, ƙarin kwarara yana buƙatar ƙarin matsi, amma a cikin harshen lantarki, kwarara na ƙaruwa matsin da yake buƙata na raguwa, ta yadda idan ba a sa masa linzami ba zai yi ta jan wuta har wani abu ya ƙone. Shi ya sa ake ƙera injin walda yadda zai iyakance wutar da ke fita daga cikinsa.

Sai maganar hucin. Ta lura cewa bakin ɗaya daga cikin sandunan yakan yi ɗan rami mai tsananin zafi, wanda daga gare shi mafi yawan hasken ke fitowa, kuma muddin ramin yana tsakiyar bakin sandar, tururin kabon yana lulluɓe shi ya kare shi daga iskar waje. Idan kwarara ta yi wa sandar yawa, ramin yakan faɗaɗa har ya zarce baki ya gangaro gefe, a nan sai iska ta samu shiga, oksijin da ke cikinta, wato sinadarin iskar da ke sa wuta ci, ya afka wa kabon mai zafi ya fara ƙona shi, kamar yadda zugazugin maƙeri ke tayar da gawayi. A daidai lokacin ne matsin ke faɗuwa farat ɗaya, hasken ya rikice, hucin ya tashi. Ta tabbatar da hakan ta hanyar nuna cewa idan aka hana iska isa ga ramin, hucin ba ya faruwa. Da sanin musabbabi sai magani ya fito fili, wato a daidaita kaurin sanda da siffar bakinta da yawan wutar da za ta ɗauka, kuma daga baya ta yi wannan aiki a kan sandunan fitilun leƙen teku da na injin majigi.

An daɗe da daina haska tituna da irin waɗannan fitilu, amma harshen lantarki bai tafi ko'ina ba. Wutar da madatsar Shiroro ke samarwa daga ruwan Kogin Kaduna, wadda manyan wayoyi ke kawowa tashar Mando, ba a iya yanke ta ba tare da harshen ya tashi a cikin makunnin ba, don haka babban aikin waɗannan manyan makunnai shi ne kashe harshen cikin ƙiftawar ido kafin ya yi ɓarna. Ɗalibin lantarki da ke koyon wannan a yau yana tafiya ne a kan turbar da Hertha Ayrton ke cikin waɗanda suka share.

Daga aikin, sai a juya ga yadda aka karɓe shi.

Ta buga jerin maƙalu a mujallar The Electrician a 1895 da 1896, kuma a watan Maris na 1899 ta tsaya gaban Cibiyar Injiniyoyin Lantarki ta karanta takardarta kan hucin harshen, abin da wata mace ba ta taɓa yi ba. Cibiyar ta zaɓe ta mamba a shekarar. A 1900 ta yi jawabi a taron masana lantarki na duniya a Paris, a 1902 kuma littafinta kan harshen lantarki ya fito, ya zama abin komawa ga masu wannan fanni. Injiniyoyi mutane ne da fitila ke yi wa huci a wurin aiki, don haka wanda ya kawo musu dalili ba su tsaya dogon tambaya kan ko wane ne ba. Amma kada a yi musu yabon da ya wuce kima, domin mace ta biyu ba ta samu cikakken zama mamba a cibiyar ba sai 1958.

Ƙungiyar Royal Society, wadda ita ce ƙololuwar majalisar masana kimiyya a Ingila, ta bi wata hanya dabam. A 1901 ba a bar ta ta karanta takardarta da bakinta ba, sai Farfesa John Perry ne ya karanta a madadinta. A 1902 Perry da wasu masana suka gabatar da sunanta domin zama mamba, ƙungiyar ta nemi shawarar lauyoyi, aka ce mata matar aure ba ta cancanci shiga ba a ƙarƙashin dokokin ƙungiyar, domin tsohuwar fahimtar shari'ar Ingila ta ɗauki matar aure tamkar wadda matsayinta ya narke cikin na mijinta. Wannan hujja za ta ba Bahaushe mamaki, tun da shari'ar Musulunci ta bar wa matar aure sunanta da dukiyarta da ikon ƙulla ciniki da kanta, kuma Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu Hertha tana 'yar shekara goma, ta yi rubuce-rubucenta ta kuma tafiyar da 'yan taru tana ɗakin mijinta Waziri Giɗaɗo. Sai dai wannan ba wurin yin alfahari ba ne, domin haƙƙin da ke rubuce a littafi ba shi ke wanke kwanuka ba. Ƙungiyar Royal Society ta sassauto a 1904 ta bar ta ta karanta takarda da kanta, mace ta farko da ta yi hakan, a 1906 kuma ta ba ta lambar yabo ta Hughes, amma ba ta taɓa karɓarta mamba ba. Matan farko sun shiga ne a 1945, bayan ta yi shekara 22 a kabari.

Game da mijinta, adalci ne a faɗi abin da ya yi. William Ayrton ya fahimci cewa duk takardar da ta fito da sunayensu biyu, mutane za su ce tasa ce, saboda haka ya janye hannunsa daga binciken harshen lantarki ya bar mata fagen. Tsoron nasa kuwa yana da tushe, domin abin da ya riƙa faruwa ga ƙawarta, masaniyar kimiyya Marie Curie, ke nan, wadda jaridu suka sha jingina aikinta ga mijinta, har Hertha ta rubuta wa jarida tana gyara kuskuren. A 1912, lokacin da Marie Curie ke fama da rashin lafiya da surutun jaridun Faransa, wurin Hertha ta zo ta ɓuya a Ingila har ta murmure.

Sauran aikinta za a ambace shi a taƙaice. A 1901, tana jinyar mijinta a garin Margate na bakin teku, hankalinta ya kai ga ƙananan kunyoyin da ruwa ke bari a kan yashi, irin waɗanda ake gani a gaɓar Kogin Kaduna idan ruwa ya ja da rani. Ta kafa kwatamai na gilashi a gidanta tana kaɗa ruwa a kan yashi, ta nuna yadda ƙananan juye-juyen ruwa ke tara yashin layi-layi. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo, aka fara amfani da iskar guba a 1915, sai ta ɗauki wannan ilimi na juyawar ruwa ta mai da shi kan iska, ta ƙera wani mafici na tamfol mai mariƙi wanda soja zai riƙa bugawa domin korar gubar daga ramin da yake fakewa. Ma'aikatar yaƙi ta yi ta jan ƙafa kafin ta karɓa, daga baya aka aika fiye da 100,000 fagen daga, ko da yake an yi ta gardama kan iyakar amfaninsa. Ta kuma shiga gwagwarmayar neman wa mata 'yancin jefa ƙuri'a, 'yarta Barbara kuwa ta zama 'yar majalisar dokokin Birtaniya a 1945. William ya rasu a 1908. Hertha kuma ta rasu ranar 26 ga Agusta, 1923, a Lancing, sakamakon cizon ƙwaro da ya sa mata guba a jini, a lokacin da garin Kaduna bai wuce shekara goma da kafuwa ba.

Ko bayan rasuwarta maganar aikin gida ba ta ƙyale ta ba. Wani masanin sinadarai, Henry Armstrong, ya rubuta ta'aziyyarta a mujallar Nature, ya nuna cewa da ta tsaya ga ciyar da mijinta da lallashinsa, da ya fi daɗewa a duniya ya kuma fi yin aiki. Ra'ayin ya nuna yadda mutanen zamaninta da yawa suke lissafi: lokacin mace jari ne da ake zubawa a aikin wani, kuma idan ta kashe shi a nata aikin, sai a rubuta shi a shafin asara.

Yanzu, jama'a masu sauraro, sai a dawo gida.

Dokokin da suka tare Hertha Ayrton babu su a Najeriya ta yau. Injiniya Joanna Maduka, wadda fanninta lantarki ne, ta jagoranci kafa ƙungiyar ƙwararrun mata injiniyoyi ta APWEN a 1982, ta kuma zama mace ta farko da ta shugabanci Cibiyar Manyan Injiniyoyi ta Najeriya a 2016. Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1958, ta samu shugaba mace ta farko, Injiniya Margaret Oguntala, a 2024. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda ta faro a 1956, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, duk suna koyar da injiniyancin lantarki, kuma babu ɗayansu da ke tambayar ɗaliba ko tana da aure kafin a ba ta shaidar kammalawa. Abin da ya rage shi ne wanda ya tsayar da Hertha a shekarun farko na aurenta. Yarinya da ɗan'uwanta sukan taso daga makaranta ɗaya, shi ya ajiye jaka ya tafi darasin yamma ko filin ƙwallo, ita ta ajiye tata ta ɗauki bokiti, daga ɗiban ruwa sai wanke-wanke, sai raino, sai ɗora tukunya, a wasu gidajen har da talla. Lissafi da kimiyyar fiziks kuwa darussa ne da ba sa zama a kai sai an zauna an yi ta warware tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Idan sakamako ya fito, sai a ce ai mata ba su da kan lissafi, alhali ba a taɓa auna kawunan biyu da sa'o'i iri ɗaya ba.

Akwai kuma wani gefe na labarin da bai kamata a rufe ido a kansa ba. Lokacin da Hertha ta samu, sayen sa ta yi, kuma wata mace ce ta sayar mata da nata. A Kaduna, mai sayar da irin wannan lokaci sau da yawa ƙaramar yarinya ce da aka ɗauko daga ƙauye aikatau, wadda shekarunta na zuwa makaranta ne. Gidan da ya 'yantar da 'yarsa ta hanyar cire 'yar wani daga aji bai warware matsalar ba, ya dai mayar da ita gidan da ya fi shi rauni. Matan Ingila da suka biyo bayan Hertha sun hango wata mafita a cikin fannin nata kansa, domin a 1924, shekara guda bayan rasuwarta, aka kafa Ƙungiyar Lantarki ta Mata ƙarƙashin jagorancin Caroline Haslett, da manufar shigar da lantarki gidaje domin ya ɗauke wa mata wahalar aikin hannu. Injin markaɗe da famfo mai jan ruwa da dutsen guga da firji duk masu mayar wa mace sa'o'inta ne, muddin akwai wuta. Ta wannan fuska, tsayuwar wutar lantarki a unguwa magana ce da ta shafi karatun 'ya'ya mata kai tsaye. Kafin wutar ta tsaya kuwa, rabon aikin gida tsakanin 'ya'ya maza da mata abu ne da ke hannun iyaye, ba ya jiran kasafin kuɗin kowace gwamnati.

Kalma ta ƙarshe gare ku, iyaye da yayye da mazajen aure da ke sauraro. Mai neman karatun injiniyancin lantarki a jami'a ko kwalejin fasaha yana zana Turanci da lissafi da fiziks da kimiyyar sinadarai a jarrabawar JAMB, kuma zaɓen ajin kimiyya ana yin sa ne tun shigar yarinya babbar sakandare, ba a shekarar ƙarshe ba. Wanda ke da 'ya ko ƙanwa ko mata da hannunta ke faɗawa kan lissafi, ya duba yau ya ga abin da take yi tsakanin la'asar da isha'i, da wanda zai iya karɓar wani ɓangare na aikin.

A nan sharhin na yau ya tsaya.